Taku Hamsin a Bayan Glenys

Shekara tara ke nan ina aiki a tseren Tafkin Gishiri, kuma har yau ban taɓa yin gudun ba. Sunana Merv Haddrick. Kafa shingen waya ne sana'ata kafin gwiwa ta ce ta gaji da tsugunno. Aikina a tsere shi ne in bi bayan mutum na ƙarshe, in riƙa tsige 'yan tutocin da aka kakkafa don nuna hanya, ina zuba su a bututun ƙarfen da ke rataye a bayana. Shi ya sa 'yan gudu suke kirana Tsintsiya. Ba su son ganina, ni ma ban je don a so ni ba.

Kwana shida ake yi, kilomita ɗari biyu da arba'in, daga tsohuwar gonar kiwon tumaki ta Wirrakee zuwa bakin tafkin. Kowa da kayansa a bayansa: abincin kwana shida, bargo, bandeji biyu na saran maciji, usur, madubi, ƙwayoyin gishiri. Ruwa kawai muke bayarwa, sai rumfar kwana. Ranar duba kaya kuwa za ka sha kallo. Manyan mutane da furfurarsu, likitoci da lauyoyi, suna yanke mariƙin buroshin haƙori don jaka ta rage nauyi, suna murƙushe taliya ta zama gari don ta shiga ƙaramar leda. Na taɓa ganin wani yana yanke gefen taswira da almakashi, ya ce farar takardar ba ta da amfani.

Dokokin shafi goma sha ɗaya ne, amma biyu ne nawa. Ta bakwai ta ce ɗan gudu ba zai karɓi taimako daga wanda ba ɗan gudu ba, ko lemo ne, ko nuni da yatsa. Ta takwas ta ce in tsaya taku hamsin a bayan na ƙarshe, bakina a rufe. In ya kauce daga layin tutoci har taku ɗari biyu, sai in kira sunansa, kuma daga lokacin da sunan ya fita daga bakina tserensa ya ƙare. Baƙi sukan ce dokar ta yi tsauri. Ba su san cewa a shekara ta biyu wani mutumin birnin Adelaide ya ɓace mana kwana biyu cur ba. Ni na same shi a gindin wata busasshiyar bishiya, harshensa ya kumbura ya cika baki. Ya rayu, amma ƙodarsa ba ta sake zama daidai ba. Tun daga ranar duk wanda ya kasa bin tuta sai ya koma gida, kuma ban taɓa jin kunyar zama mai korar ba.

Glenys Prowse kuwa na san ta fiye da shekara talatin. Ita ce ke tuƙa motar wasiƙu daga garin Quorn zuwa gonakin kiwon da ke arewa, lokacin ina kan shinge. Duk Alhamis sai ta tsaya ta miƙo mini jarida da burodi da zagi, ba ta taɓa manta ko ɗaya daga cikin ukun ba. Bayan mijinta ya rasu ta kama gudu, tana da shekara hamsin da biyar. Sau biyu tana shiga tseren nan. Karon farko dunduniyarta ta ruɓe a rana ta huɗu. Karo na biyu ta makara da minti tara a tashar ruwa, ni da hannuna na cire mata lamba. Ta yi wata biyu ba ta ɗaga wayata.

Bana ta zo tana da sittin da uku. Na hango ta tana fitowa daga gefen fasinja, 'yar ƙanwarta ce ke tuƙi.

Na ce, "A'a! Yau direbar wasiƙu ce a kujerar fasinja? Lallai tsufa ya yi sallama."

Ta ce, "Rufe mini baki, tsohon banza. Kai da gwiwarka ke kuka kamar ƙofar sito."

"Me kika dawo nema kuma? Ba ki ƙoshi da ganina a bayanki ba?"

Ta ɗora jakarta a kan ma'auni, ba ta dube ni ba. Ta ce, "Bana ce ta ƙarshe, Merv. In na taɓa ruwan tafkin nan da ƙafata, shi ke nan. In ban taɓa ba, shi ke nan ɗin dai."

Al'adar tseren ke nan: ba igiya ake tsinkewa a ƙarshe ba, mutum ya tsoma takalminsa a ruwan gishirin, Narelle Voss, shugabar tseren, ta rubuta sunansa a allon katakon da ke gonar Wirrakee. Sunaye ɗari uku da 'yan kai ne a kai. Abin da Glenys take so ke nan, ba wani abu ba, kuma duk wanda ya san ta ya san haka.

Kwana biyun farko ban gan ta ba sai a rumfa. Tana cikin wani rukunin masu jan ƙafa, mutum biyar, suna tafiya tare kamar awaki. A rana ta uku rukunin ya watse. Ɗaya ya yi amai har ya kasa tsayuwa, biyu suka makara, na huɗun ya ga ba riba ya ƙara mai ya wuce gaba. Daga nan sai ya zama ni da ita. Lamba arba'in da ɗaya a gaba, ni a baya, ƙudaje suna raka mu duka biyun.

Gaskiya na ji daɗin kwanakin nan. Ba ta da sauri amma ba ta tsayawa, kuma kullum tana isa tasha da ragowar lokaci, wani sa'in rabin awa, wani sa'in minti ashirin. Na lura tana yawan kaucewa kaɗan ta dawo, kuma tana tafiya da kai a karkace kamar kaza mai kallon shaho. Na ɗauka gajiya ce. A rana ta biyar kowa karkacewa yake yi, har ni. Da yamma a rumfa nakan gan ta tana jiƙa garin dankalinta da ruwan zafi, tana laluben cokali a jaka, tana tsokanar samarin da ƙafafunsu suka fi nata ɗurar ruwa. Ban kawo komai a raina ba.

Ranar ƙarshe kilomita ashirin da biyu ce kawai, za a rufe tseren da ƙarfe biyu na rana. Muka tashi da safe cikin sanyin Yuli, tsakiyar hunturu a ƙasarmu, mai sa yatsu su ƙi lanƙwasa. Kafin hantsi duk sauran sun ɓace mana a gaba. Hanyar ta fara da yashi ja, sawun mutum saba'in ya tattake shi, ko jariri zai bi.

Wajen kilomita ta bakwai ƙaya ta shiga takalmina. Na tsaya, na jingina da sandana ina cirewa. Da na ɗaga kai sai na ga Glenys ita ma ta tsaya. Ta ɗan matsa dama, ta saurara. Ta dawo hagu, ta saurara. Alhali a kan hanya take sak, tuta tana gabanta, taku uku bai kai ba, tana kaɗawa ja wur a iska. Da na miƙe na ci gaba, wayoyin ƙarfen da ke jikin tutocin suka kama ƙara a cikin bututu kamar kullum, kacau, kacau, sai ta saki kafaɗa ta ci gaba da tafiya.

Na fara zargin wani abu. Na bari muka yi 'yar tafiya, sannan na tsaya da gangan. Ta tsaya. Ta matsa dama, ta matsa hagu. Na sake gwadawa sau na uku don kada in zalunce ta. Haka dai.

Dokar ta hana ni magana a kan hanya, amma ba ta hana a tashar ruwa ba. A kilomita ta tara akwai jarkoki a ƙarƙashin inuwar tanti, ba mai gadi, kowa ya ɗiba da kansa. Na same ta tana laluben bakin famfon jarka da yatsu.

Na ce, "Glenys, tutar can da ke bayan tantin, wane launi ce?"

Ta ce, "Ja mana. Duk ba ja ba ne?"

"Babu tuta a bayan tantin."

Ruwa ya cika gorarta ya fara zuba a ƙasa, ba ta rufe ba sai da na yi gyaran murya. Ta zauna a kan jarka.

Ta ce, "Tsakiyar ce ta tafi. Gefe-gefe ina gani. In na dube ka, sai in ga hularka da takalminka, fuskar babu. Ba asara ba ce dai, fuskar taka."

"Tun yaushe?"

"Tun bara. A watan Maris suka karɓe lasina na tuƙi. Likita ya ce kafin baɗi ko sawun ƙasa ba zan gani ba."

"Takardar lafiya fa?"

"Zuciya suka tambaya, da ƙoda, da hawan jini. Ba wanda ya tambayi ido. Ban yi wa kowa ƙarya ba."

"Ni fa? Kwana uku kina tafiya da ƙarar bututuna!"

Ta ce, "Kai ne ba ka san halinka ba. In ina kan layi, kana tafiya. In na kauce, sai ka ja ka tsaya kana jira, ƙarar ta ɗauke. Shekara tara kana yin haka, ba wanda ya lura sai makauniya."

Raina ya ɓaci, ɓaci irin wanda ke sa kunne zafi. Ba ita kaɗai nake gani a lokacin ba. Ina ganin wani ɗan garin Darwin da na cire wa lamba saura kilomita huɗu, don wata matafiya ta miƙa masa ɓarin lemo ya karɓa ba tare da tunani ba. Ƙato ne, ya durƙusa a yashi yana kuka, ni kuwa na ce masa doka ce. Ashe ni mai faɗin doka ni ne sandan jagora, kwana uku, ban sani ba.

Na ce, "Kin mai da ni ɗan maguɗi, Glenys. Kin san abin da ya sa aka kafa dokar nan, kin san wanda na tsinto a gindin bishiya. Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne!"

Maganar tana fita na so in kamo ta, amma ta riga ta tafi. Glenys ta murɗa murfin gorarta a hankali har ya kulle.

Can ta ce, "To, yanzu me za ka yi? Kira Narelle?"

Rediyon yana maƙale a ƙirjina. Na dube shi. Saura kilomita goma sha uku, kuma tana da awa huɗu a hannu, ko rarrafe take yi za ta kai. Abin da na gani da idona shi ne ba ta kauce taku ɗari biyu ba, ba ta karɓi komai daga hannun kowa ba. Abin da ya wuce ba da sanina aka yi ba. Amma daga yanzu duk ƙarar da bututun nan ya yi, da sanina ne.

Na tuɓe rigar sanyina, na zazzage tutocin, na naɗe wayoyin a ciki tamau, na cusa su cikin bututu. Na girgiza. Shiru.

Na ce, "Ba zan kira ta ba. Amma ba za ki sake jin motsina ba. In kin kai, ke kika kai."

Ta miƙe, ta gyara igiyar jakarta. Ta ce, "Madalla. Dama ƙarar ta ishe ni, kamar ana bina da akwatin cokula."

Muka ci gaba. Na riƙa ɗaga ƙafa ina ajiyewa a hankali, kowace tuta na tsige sai in soke ta a ɗamarata. Kilomita ɗaya da rabi yashi ne, ta bi sawu da gefen idonta, kai a karkace, ba ta kuskure ko sau ɗaya ba. Har na fara cewa a raina ƙila ta kai. Na manta da abin da ke gaba, ko kuma dai na ƙi tunawa.

Bayan yashin filin tsakuwa ne, kilomita biyar, shimfiɗe kamar faranti. Duwatsu jajaye masu sheƙi, iska ta goge su shekara da shekaru. Ko garken shanu ya wuce a kai ba ya barin sawu. Ba bishiya, ba tudu, ba abin da ido zai kama sai tutocin nan, su ma ja a kan ja. Masu ido biyu ma sukan tsaya su yi inuwa da hannu kafin su hango ta gaba.

Ta shiga filin a miƙe. Tuta ta farko ta wuce ta dab da ita. Ta biyu ta bar ta a dama da taku biyar. Daga nan ta fara zamewa hagu, kaɗan-kaɗan, yadda kowa ke yi in ƙafa ɗaya ta fi ɗaya ciwo. Na tsaya a kan layi ina auna tazarar da ido, aikin da na yi shekara arba'in a kan shinge, ba na kuskurensa. Taku talatin. Sittin. Tana tafiya da ƙarfinta, sanduna biyu suna ƙwanƙwasa dutse, ta nufi inda ba komai sai fili har iyakar jihar Queensland.

A taku ɗari ta rage sauri. Ta san wani abu ya lalace, don ta daɗe ba ta ji ta taka ledar da wani ya yar ba, ko ramin sandan wani. Ta juya dama, na ji daɗi, amma ta zarce da juyin, ta koma tana fuskantar inda muka fito. Ta sake juyawa. Ta tsuguna tana shafa ƙasa da tafin hannu. Ta miƙe ta sake kama hagu.

Ɗari da hamsin. Ban san lokacin da hannuna ya kai baya ya kama bututun ba. Abin da ake bukata kaɗan ne: in zare rigar, in yi taku biyu. Ba kowa a filin nan sai ni da ita da wasu tsuntsayen emu uku, masu kama da jimina, da ke kallonmu daga nesa. Narelle ba za ta taɓa sani ba. Na zare rigar har rabi. Ina faɗa muku, na riga na yanke shawarar zan yi. Shekara tara na tsare doka, na ce a raina ta tafi can ta tsare kanta.

Ko wata waya ce ta ɗan motsa, ko kuwa sanin hali ne kawai, ban sani ba. Glenys ta tsaya cak, ta ba ni baya. A filin nan murya tana tafiya nesa, na ji ta sarai.

"Merv! Kar ka kuskura ka girgiza abin nan."

Na tsaya riƙe da rigar.

"Na san ka, tsohon banza. In ka yi, sunana zai hau allon can, kuma duk ranar da aka karanta mini shi sai in ji ƙarar cokulanka. Bar ni in gwada."

Na mayar da rigar. Ta ɗaga fuska sama tana neman inda rana take dukan kumatunta, ta yi lissafinta, ta zaɓi hanya. Da ta karkata dama da kamar faɗin hannu biyu, da ta dawo kan tutoci. Na riƙa cewa a zuciyata, dama, Glenys, dama, kamar mai roƙon ruwan sama. Ta kama tafiya da sauri, da ƙwarin gwiwa, ba daidai ba.

Ɗari da tamanin. Ɗari da casa'in. Na ƙara mata goma daga aljihuna, na ƙara wasu goma. Daga can ƙasa ta fara gangarawa zuwa wani kwari mai zaizayar ruwa, wanda ita ba ta gani.

Na kira sunanta. Sau ɗaya na kira, da cikakken suna kamar yadda dokar ta ce, kuma muryar da ta fito ban san ta ba.

Ta tsaya. Ta daɗe a tsaye, sanduna a hannu. Sannan ta zauna a kan tsakuwa, ta miƙe ƙafafu kamar yarinya. Na taka na same ta. Na danna rediyo na ce wa Narelle lamba arba'in da ɗaya ta fita, a aiko mota bakin filin tsakuwa. Narelle ta ce, "Kai, Merv," ta kashe.

Glenys tana ƙoƙarin cire lambar daga ƙirjinta, yatsunta sun kumbura, ta kasa samun kan alluran da ke riƙe da ita. Na durƙusa da gwiwar tawa mai ciwo na cire mata su huɗun, ɗaya bayan ɗaya. Ba ta yi kuka ba. Ni ne hancina ya riƙa zuba, na ɗora wa ƙudaje laifi.

Na ce, "Maganar da na faɗa a wurin jarkoki..."

Ta ce, "Gaskiya ka faɗa. Bakinka ne dai ba shi da linzami, tun kana saurayi."

Muka zauna. Iska tana kaɗa tutocin da ban tsige ba, suna jere har inda ido ya ƙare. Daga inda muke, ni ina iya hango farin layin tafkin a ƙarƙashin sama, siriri kamar zare. Ban faɗa mata ba.

Ta juyo da gefen fuskarta wajena, yadda take yi in tana son ganin mutum.

"Saura nawa, Merv?"

"Goma sha ɗaya."

Ta gyaɗa kai a hankali, tana juya lambar a hannunta.

"Haba, Merv. Sha ɗaya ai ko da kayan cefane na sha yin ta. Yi mini ƙarya mana, ko sau ɗaya a rayuwarka. Ka ce da nisa."

Na dubi tafkin, na dube ta.

Na ce, "Na yi kuskuren lissafi. Talatin ne, Glenys. Kuma duk hawa ne."

Ta ce, "To ka gani. Dama ba zan kai ba."